Ƙofar da Dabbobi Suka Lashe

Ƙofar maraba da aka gina a bakin iyakar Jibiya ba ruwan sama ya ci ta ba, ba kuma mota ta doke ta ba. Dabbobi ne suka lashe ta da harshe. Lado magini ne ya jawo, kuma yana sane.

Zamanin kuɗin fetur ne, lokacin da gwamnati ta rasa inda za ta zuba kuɗi. An shimfiɗa kwalta, an yi wa kwastan ofis mai rufin kwano. Sai wani babba ya zo wucewa, ya ga babu abin da ke shaida wa baƙo ya bar Nijar ya shigo Najeriya in ban da wani ƙarfe da ake ɗagawa da igiya. Ya ce wannan abin kunya ne, a yi ƙofa, wadda mutum zai hango tun daga nesa ya gyara hula.

Aka ba Uwaisu aikin, wani ɗan ƙauyen Kusa da ya tafi Zariya karatun zane ya dawo da suma buzu-buzu da wando mai faɗin ƙafa kamar buhun gyaɗa. Aka haɗa shi da Lado, don daga Jibiya har Daddara babu mai ɗaura bakan gizon gini ya zauna daram kamar Lado.

Shi kuwa Lado laka ta ishe shi. Tun yana yaro yake taka ta, faso ya tsattsage masa dugadugai, ga abokan wasansa sun zama birkiloli masu ginin siminti, suna yawo da fensir a bayan kunne ko karatu ba su iya ba. Alhaji Ma'u ɗan kwangila ya riga ya yi masa alkawari: zai gina gidajen ma'aikata a Katsina da bulo zalla, in tipa ta tashi da ma'aikata to akwai wurin Lado a gaba, kusa da direba. Har cokalin birkila Lado ya saya, sabo fil. Ya naɗe shi a tsumma ya rataye a bisa ƙofar ɗaki, kowace safiya sai ya dube shi kafin ya fita. Da ya ji aikin ƙofa na gwamnati ne, ya ce to ga inda za a fara wasa hannu.

Ranar da suka fara haɗuwa a gindin tsamiyar da direbobi ke jiran duba kaya, ko gaisuwar kirki Lado bai tsaya ba.

"Buhu nawa na siminti anka ba mu?"

"Ko ɗaya, Baba Lado. Da ƙasa za mu yi."

"Da mi?"

"Ƙasa. Tubali da azara, a yaɓe, a sa makuba."

Lado ya dube shi daga suma har wando. "Yaro, ubanka ya sai da bijimi ka tahi Zariya, don ka dawo ka koya wa Lado laka? Ga jandarmomin Nijar can na kallonmu. Ƙasa mai fetur ta tarbi baƙo da rumbu?"

Uwaisu ba mai fushi ba ne, illarsa bayani. Ya ce farin da aka yi kwanan baya bai gama fita daga idon mutane ba. Ya ce an sare itatuwa don hanya, iska na kwashe gonaki. Ya ce siminti daga bayan teku ake kawo shi, yana tara zafi, ba ya ba kowa komai, in ya fashe ko ciyawa ba ta fita a kansa. Ƙasa kuwa in ta gaji sai ta koma gona. Don haka kowane ƙauye zai kawo tasa ƙasar, kowa ya sa hannunsa a ginin. Za a bar ramuka a sama don tsattsewa da tantabaru, a dasa itatuwan bedi dama da hagu.

"Ƙofar ta kowa ce, Baba. Mutum da tsuntsu da itace."

"Tsuntsun na biyan haraji?"

"A'a."

"To ka gani."

Amma hakimi ya riga ya amince, Lado bai da yadda zai yi. Ya ce a ransa wannan shi ne ginin laka na ƙarshe, a yi a gama.

Aka kira gayya. Mutanen Farfaru suka kawo jar ƙasa ta tubali, na Kusa suka kawo ciyawar kwaɓi, Fulanin rugagen kusa suka kawo kashin shanu, har mutanen tsallaken iyaka suka turo azara a kan raƙuma, suka ce ai su ma ta nan suke shiga. Mata masu makuba, ruwan kwasfar ɗorawa da ake shafa wa bango don kada ruwa ya ci, Barira ce shugabarsu. Taubashiyar Lado ce, ba ta ganinsa ta bar shi ya wuce lafiya.

"Birkila! Ina fensirin? Ko kunnen ne bai iya riƙewa?"

"Ke dai dama ruwan ɗorawarki. In na tahi Katsina ko gaisuwata sai kin aiko da goro."

"Katsinar da ake zuwa a dawo kafin tuwo ya huce?"

Gini ya tashi, kuma a faɗi gaskiya, ya yi kyau. Lado in ya ƙi abu da baki hannunsa bai ƙi ba. Ƙafafu biyu masu kauri, bakan gizo a sama wanda babbar mota da lodinta za ta wuce ba ta sunkuya ba, zankwaye a kai kamar kunnen zomo. Saura yaɓen ƙarshe, wanda za a yi zane a jikinsa. Wannan ƙasar an bar wa mutanen Daddara, don ta fadamarsu ta fi laushi. Mai kula da ita kuwa Malam Lawwali ne, surukin Lado, uban matarsa Talatu. Tsoho ne da ba a yi masa sauri. Ya aiko da kaya kaɗan na gwaji, ya ce sauran na jiƙe, sai ta ruɓa ta yi danƙo za a kawo.

Ana cikin jira Alhaji Ma'u ya aiko a gaya wa Lado tipa ta kusa tashi. Lado ya aika Daddara, tsoho ya ce ƙasa ba ta nuna ba. Mutum ba ya zuwa ya tsaya kan surukinsa ya ce yi sauri. Lado ya zauna yana kallon ƙofa tsirara, yana jin ƙarar tipa a kunnensa ko babu tipa.

To, bayan ofishin kwastan akwai tsohon zango, inda ayarin Buzaye ke sauke kantun gishiri da kanwa tun kaka da kakanni. Ƙasar wurin lukwi ce, santsi kamar garin alkama. Da rana tsaka, mutane sun fake wa zafi, Lado ya kora jakinsa can. Ya ɗebi ƙasar ya sa a harshe, ya tofar. Gishiri kamar an zuba da gangan. Babu maginin da bai san ƙasa mai gishiri ba ta yaɓe ba. Lado ya sani sarai. Ya ce makuba za ta rufe, in ma daga baya ta yi wani abu, shi yana Katsina bisa bulo. Ko jakin da ya riƙa juyo da wuya yana lasar mangala bai sa ya sake shawara ba. Ya yi ta sawu har ya tara abin da zai isa, ya cuɗa da ɗan kayan gwajin nan na Daddara, ya ce wa kowa ƙasar Daddara ta iso.

Ranar zane kamar ranar kasuwa. Uwaisu ya ce kowa ya sa abin da ke ransa. Mutanen Farfaru suka fitar da hauya da zangarniyar gero. Na Kusa suka yi rijiya da guga. Fulani suka yi ƙahoni, wani madugun Buzaye ya yi takobi. Mata suka jera tafin hannuwansu a ƙasa, layi guda daga wannan ƙafa zuwa waccan, na Barira a farko. Har wani jandarma ya tsallako ya danna babban yatsa ya koma yana dariya. Lado ya hau tsani can inda baka ya faro, ya mulmula tipa, da tayoyinta da komai.

"Mota kuma, Baba?" in ji Uwaisu.

"Ba kai ka ce abin da ke rai ba?"

Aka shafe da makuba, ƙofa ta yi ja-ja tana ƙyalli. Aka sa rana kantoma zai zo ya buɗe.

Akuyar wata mai fura ce ta fara. Aka gan ta ta kafa kai a gindin ƙofa, aka kore ta, ta dawo da 'yan'uwanta. Ba wanda ya damu, akuya ba abin da ba ta taɓawa. Sai garken shanu ya iso daga Nijar. Dama a nan ake tsayar da su a ƙirga, su yi ta tsayuwa a rana. Wata saniya ta miƙa harshe ta shafi bango sau ɗaya, ta tsaya kamar mai tuna wani abu. Daga nan sai garke duka. Makiyaya na duka, shanu na lasa. Harshen saniya kuwa magagari ne, makuba ba ta yi masa komai ba. Kafin a ankara hannuwan mata sun tafi. Hauyar Farfaru ta zama muciya. Da ayarin raƙuma ya zo sai abin ya hau sama. Wani amale ya miƙa wuya, ya lumshe ido, ya lashe tayoyin tipar Lado ɗaya bayan ɗaya, ya bar ta zaune a kan ciki.

Kowa ransa ya ɓaci in ban da Uwaisu. Shi yana tsugune da takarda yana zana raƙumin, bakinsa har kunne.

"Baba Lado, ka gani? Su ma sun shigo gayyar! Ni tsuntsaye kawai na yi wa lissafi."

Barira ta riƙe ƙugu. "Kai ɗan nan, boko ya taɓa ka. Hannuna na cikin saniyar da yanzu ta kai Kano, kai kana murna?"

Hakimi bai yi murna ba, don kantoma na tafe. Ya tara mutane a gindin tsamiya ya ce a gaya masa ƙasar wa ke da gishiri. Ba a sha wahalar nema ba, kowa ya san yaɓe na Daddara ne. Aka kawo Malam Lawwali bisa jaki. Tsoho ya je ya lakaci bangon ya ɗanɗana, ya daɗe yana kallon yatsansa. Bai dubi Lado ba ko sau ɗaya.

"Ranka shi daɗe, tun ina yaro nike ɗibar ƙasar fadamar nan, ban san ta da haka ba. Amma in an ce tamu ce, Allah shi huci zuciyar jama'a."

Wani daga Farfaru ya ɗaga murya ya ce ashe mutanen Daddara ba su sayen gishiri, bangon ɗaki suke kankarewa a miya. Aka bushe da dariya. Kafin la'asar maganar ta gama kasuwa. Hakimi ya ce a dawo da safe a yanke abin da Daddara za su yi. Da safen nan kuma tipar Alhaji Ma'u za ta tashi.

Lado ya koma gida. Talatu ta kawo tuwo ta ajiye, ta koma gefe tana tsince wake. Ya kai loma ɗaya, ya tsaya.

"Miyar ga ba gishiri."

"Haka ne."

"Mantuwa kinka yi?"

"A'a, Malam. Na ga kai ka kwashe na garin ka kai bakin iyaka, na ce kada in yi ɓarna."

Ya ajiye lomar. "Wa ya gaya maki?"

"Tumakina. Wandon aikinka da na ajiye zan wanke, sun cinye ƙafa guda." Ta ci gaba da tsintar wakenta. "Baba bai san ya dubi mutum ya ce ka yi ƙarya ba, balle mijin ɗiyarsa. Shi kenan, sai ya ɗauka. Ka tahi Katsinarka lahiya. Can ma ai ana miya."

Lado ya mayar da hannu cikin kwano. Ya cinye tuwon haka nan salam, don Lado ba ya barin abinci saboda magana. Ya ɗaga kai ya dubi cokalin da ke rataye bisa ƙofa, ya daɗe yana dubansa.

Da safe ya fito da ƙunshin kayansa, cokali a soke a ɗamara. Tipa na tsaye a bakin kwalta, ma'aikata na hawa. Hanyar zuwa wurinta ta gaban tsamiya ta bi, inda jama'a suka riga suka taru, tsoho na zaune a kan buzu ya sunkuyar da kai. Lado ya wuce su. Ya yi 'yan taku, ya tsaya, ya yi tsaki mai ƙarfi kamar wani ne ya taka shi, ya juyo. Ya cire takalmi ya durƙusa.

"Ranka shi daɗe, ƙasar zango ce. Ni na ɗebo."

Kowa ya juyo gare shi. Hakimi ya ce, "Ka san da gishiri a ciki?"

"Na ɗanɗana."

"To mi ya kai ka?"

"Sauri." Ya gyara durƙuso. "Kuma gyaran ba wuya. A ba ni siminti buhu biyu in shafe ta yanzu, kafin direba ya gama shan shayi. In ga harshen da zai lashi siminti."

Uwaisu ya yi tsalle ya ce sam, in aka rufe ƙasa da siminti ruwa zai kwanta a ciki, damina ɗaya ta zubo. Wannan ma Lado ya sani, shi ya sa bai musa ba. Sai ardon Fulani ya nemi izini ya ce shi fa kada a raba dabbobi da wurin nan. Tun farin da aka yi shanu ba su murmure ba, suna isowa iyaka a galabaice, a tsayar da su a rana ba ruwa ba kanwa. Tunda suka sami wannan lasa ko gardama ba su yi wa masu ƙirga. Babban kwastan ya gyaɗa kai ya ce wannan gaskiya ne. Mutanen Farfaru suka ce su dai a maido masu da hauyarsu. Magana ta cakuɗe, kowa na jan nasa.

Barira ce ta raba gardamar. "Ku maza ba ku taɓa hana yaro taɓa tukunya ba? Ba duka ake yi ba, nasa ake zuba masa a gefe. A kankare ƙofa a yaɓe da ƙasar Malam in ta nuna. Su kuma a gina masu dakalinsu can gaba da ƙasar zango, su lashe har su gaji."

Uwaisu kamar ya rungume ta. Ya ce wannan ko a Zariya ba a koya masa ba. Ya ƙara da cewa a sa dakalin inda za a dasa bedi, taki ya zo da ƙafarsa. Ardo ya ce su za su riƙa kawo ruwan shayar da itatuwan. Malam Lawwali ya ce ƙasa ta kusa.

Hakimi ya ce madalla. "Sai dai dakalin da ake lasa ƙarewa zai riƙa yi, kowace kaka sai an sake shi. Wa zai riƙe wanga aiki?" Ya yi kamar yana neman mutum a cikin taro, alhali idonsa bai bar wuri ɗaya ba. "Ina ga wanda ya san ramin, kuma ya san ɗanɗanon."

Daidai nan direba ya danna ham. Alhaji Ma'u ya leƙo ta taga ya ɗaga hannu yana tambaya. Lado ya dubi tipa, ya dubi ƙofar da ke jiran kankara, ya saci kallon surukinsa. Tsohon ya ɗago a karon farko, ya ce a hankali, "Allah shi yi maka albarka." Wannan ta fi masa zagi ciwo. Ya ɗaga wa Alhaji hannu alamar a tafi. Wani magini da ake kira Rabe, wanda ko tubali bai iya jerawa daidai ba, ya haye kujerar gaba kusa da direba.

Kankara ta ci lokaci, yaɓe ya ci nasa, aka ɗage zuwan kantoma. Ƙasar Daddara ta zo da danƙonta, aka sake gayya, kowa ya maido da zanensa, Barira ta danna hannu biyu maimakon ɗaya. Wuri guda kawai Uwaisu ya roƙa kada a taɓa, wato tipar nan ta gindin baka. Ya ce aikin mutum biyu ne, Baba Lado da amale, ba shi da ikon gyara masu. Da kantoma ya zo ya tambayi mene ne wancan dakali da shanu suka yi wa zobe, Uwaisu ya zuba masa Turanci mai tsawo. Kantoma ya yi ta gyaɗa kai, ya ce a rubuta cewa dama haka aka tsara.

Tsattsewa suka shiga ramukansu, bedi ya kama. Rabe ya dawo hutu da agogo da fensir a bayan kunne. Alhaji Ma'u bai sake aikowa ba, wurin ya riga ya cika.

Kowace kaka in an gama girbi, za ka ga Lado ya koro jaki daga zango, yana taka laka da dugadugansa masu faso, shanu na tsaye suna jiransa kamar masu jiran mai tuwo. Direbobi har na Maraɗi ba su san shi da Lado magini ba, Sarkin Lasa suke ce masa, tun yana jifa har ya fara amsawa. In ya ɗaga kai, ga tiparsa can sama ba taya. Cokalin kuwa bai taɓa ganin siminti ba. Yana wurin Talatu, da shi take kankare ƙanzo.